Yadda Ake Tayar da Tsohuwar Fijo 504 a Sakkwato, Daga Takardu Har Zuwa Fenti

Gidaje da yawa a cikin Sakkwato akwai wata mota da ta yi shekaru a kwance. Ko dai tana cikin garejin gida an jibga mata tsofaffin katifu da buhunan gero, ko tana ƙofar gida a gindin dogon yaro, tayoyinta sun nutse cikin rairayi, awaki sun mai da samanta wurin shan iska. In ka share ƙurar da ke bayanta, sau da yawa 504 za ka gani a rubuce. An fara fitar da wannan mota a Faransa a 1968, kamfanin PAN na Kaduna ya soma haɗa motocin Fijo a 1975, ya kuma ci gaba da fitar da 504 har cikin shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da daina ƙera salun ɗinta. Ita ce motar ma'aikacin gwamnati, ita ce ta ɗan kasuwa, ita ce ta tasha mai zuwa Gusau da Illela da Birnin Kebbi. Shi ya sa na ɗauke ta misali: har gobe ana samun kayanta, kuma tsofaffin makanikan da suka yi ƙuruciyarsu a ƙarƙashinta suna nan da ransu. Mai 404 ko 505 ko tsohuwar Marsandi zai iya bin wannan tsari, sai dai awo da lambobi su bambanta.

Motar Sakkwato ba irin mutuwar motar Legas ko Fatakwal take yi ba. Can tsatsa ce ke cinye ƙarfe. Nan ƙarfen yakan tsira, amma rana ta ƙone duk wani abu na roba, ƙura ta cika duk wata kafa, zafi kuma ya gama da injin. Saboda haka kuɗinka na farko ba wurin mai fenti za su tafi ba, ko da yake fentin ne ya fi tsone maka ido. Wanda ya fara da fenti, shi ne za ka gani a gefen hanyar Bodinga da mota tana sheƙi, bonet a ɗage, lagireto na tafasa.

Takardu tukuna

Mafi yawan motocin nan na gado ne. In ta mahaifinku ce, kada ka ce ai ba wanda ya damu da ita. A zauna da magada, a yi mata kuɗi a yadda take yanzu, ka biya ko a cire a rabonka, a rubuta da shaidu. Motar da ba wanda ya kalla shekara goma, ranar da ta tashi tana ƙyalli kowa zai tuna yana da haƙƙi a cikinta. In saye za ka yi a wani gida, ka tabbata wanda ke sayarwa yana da izinin sauran.

Sai ka gwada lambar shasi da lambar injin da abin da ke cikin takardu. A ɗakin injin akwai ɗan farantin ƙarfe da aka buga lambar a kansa. Goge shi da tsumma da ɗan kananzir za ta fito. Wadda aka haɗa a Kaduna ba ta da takardar kwastan, wadda aka shigo da ita daga waje kuwa dole a nemi tata. In takardun sun ɓace ko lambar motar tsohon yayi ce, ka je ofishin lasin ka ji abin da ake buƙata tun kafin ka kashe ko sisi a gyara. In kuma motar ta girmi 1972, duba ɓangaren da sitiyarinta yake, domin a shekarar ce Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, kuma mota mai sitiyari a dama za ta haɗa ka da hukuma a titi.

Duba ta da idon mai saye, ko da kyauta aka ba ka

Kafin ka sa hannu ko'ina, ɗauki sanda ka bubbuga. Motar da ta kwanta gidan kunama ce da rina da ɓera, wani lokaci har maciji. Buɗe ƙofofi ka bar ta ta sha iska.

504 ba ta da shasi daban kamar babbar mota. Bodin kansa shi ne ƙashin bayanta. Don haka ɗage tabarmin ƙasa ka duba daɓen, musamman gefen direba da cikin but, inda ruwan damina kan shiga ta robar gilashi ya kwanta. Duba ƙarƙashin batir, inda asid ke ɗiga. Duba wuraren nan biyu a ɗakin injin da kawunan shokazoban gaba suke ɗaure. In akwai tsagewa ko tsohuwar walda a wurin, motar ta sha wuya. Ka zo da ɗan maganaɗisu ka bi jikinta da shi: inda ya ƙi kamawa, ba ƙarfe ba ne, bodi-fila ce aka lafta don rufe haɗari. Rufe ƙofofi ɗaya bayan ɗaya ka ga ko tazararsu daidai take. Motar da gabanta ya karkace saboda karo, ka bar ta, ko ka saye ta da araha don cire kaya.

Abin da sabon shiga ba ya ganewa shi ne, injin da ya mutu ya fi sauƙi a kan kayan ado da suka ɓace. Fistin da ringi da gaskit ana samunsu. Amma asalin fitilun gaba, da bamba ta ƙarfe, da siraran ƙarafan nan masu ƙyalli na gefen gilashi, da agogon dashbod mai aiki, da hannun ƙofa na asali, sai ka yi wata da watanni kana cigiya daga Panteka ta Kaduna zuwa Ƙofar Ruwa ta Kano. Tsakanin mota mai injin a mace amma kayanta a cike, da wadda ke tashi amma an tsiyaye ta, ni ta farkon zan ɗauka.

Wurin aiki da mutanen aiki

Nemi inuwa da daɓe mai ƙarfi. Rumfar kwano ma ta isa, muddin ba a rana za ka riƙa taɓa ƙarfe ba. Sayi littafi guda na rubuta abin da aka yi da abin da aka kashe. Duk abin da za ka kwance, ɗauki hotonsa da waya kafin ka taɓa, noti da kusoshi kuma a zuba a gwangwani a rubuta daga inda suka fito. Kada ka wargaza motar gaba ɗaya a lokaci guda. Ɓangare ɗaya za ka kama, ka gama, ka mayar, sannan ka wuce. Mota da yawa sun ƙare a cikin buhuna saboda zumuɗin makon farko.

Kada ka taɓa shiga ƙarƙashin mota tana kan jek kaɗai. A sa mata ƙafafun ƙarfe ko kututturen icce mai kauri. Bulon siminti yana fashewa ba sallama. Cire wayar batir ta baƙi kafin kowane aiki, ka kuma ajiye abin kashe gobara kusa.

Tunda aikin sha'awa ne, ka yi duk abin da za ka iya da hannunka, amma ka sami tsohon bakanike guda da ya san Fijo. In ka zagaya Buzaye ko Sahara ko wajen J. Allen ka yi tambaya, za a nuna maka. Irinsu ne za su leƙa injin su ce maka, "Alhaji, wagga ba ta mutu ba, kwana taka yi." Shawarata ita ce ka riƙa ɗauko shi zuwa gida kuna yi tare, maimakon ka kai motar gareji ka bari. Motar da mai ita ba ya gaggawa kullum ita ce ta ƙarshe a layi, kuma wadda ta daɗe a ajiye cikin motoci takan fara rasa ƙananan kayanta. Ku yi ciniki ɓangare-ɓangare, kaya kuma ka saya da kanka, da tsohon a hannunka don gwadawa.

Tayar da injin

Kuskuren da aka fi yi shi ne a kawo batir a murɗa makulli a ga ko za ta tashi. Kada ka yi. Injin ya bushe, fetur ɗin tanki ya zama danƙo, in ka tilasta masa sai ringi ya karye ko silinda ta karce.

Cire fulogi huɗun. Zuba kamar cokali biyu na baƙin mai gauraye da ɗan man dizal a kowane rami, ka bar shi kwana biyu ko uku. Sannan ka sa giya a furi, ka kama notin fulin gaba da sifana ka juya a hankali. In ya juya ya zagayo ba tare da ya cije ba, ka yi sa'a. In ya ƙi, ƙara mai ka ƙara haƙuri. Kada a ja motar da wata mota a saki kuloci da sunan ɓalle shi.

Juye tsohon baƙin mai ka duba shi da kyau. In ya yi fari-fari ya yi kauri, ruwa ya shiga. Canza filta, ka zuba sabon mai 20W-50, wajen lita 4 yake sha. Sauke tanki a wanke shi. In ya huje, kada a kai masa wutar walda, domin tururin fetur yakan zauna a tankin da ake ganin ya bushe. Canza duk tiyon fetur, ko da ka ga kamar lafiyarsu lau, ka sa sabuwar filta kafin kafireta. Ita kafiretar a kwance ta, a jiƙa, a busa ramukanta da iska. Ban da zura waya a cikin jet, yana faɗaɗa ramin, motar ta koma mashayiyar mai har abada.

Ɓangaren wuta: sababbin fulogi da tazarar milimita 0.6, kwantak (ƙarafan nan biyu masu buɗewa da rufewa a cikin distiributa, mai raba wa fulogi wuta) da tazarar 0.4, sabon kwandansa, sababbin wayoyin fulogi. Tsarin tashin wutar 1-3-4-2 ne, amma ka yi wa wayoyin alama kafin ka zare su, ya fi sauƙi. Bawul kuwa ana saita su injin na sanyi: na shigar iska 0.10, na fitar hayaƙi 0.25. Ka sayi ma'aunin nan mai siraran ganyayyakin ƙarfe, ba tsada gare shi ba, ka daina yarda da saitin kunne.

Yanzu sa batir, kada ka mayar da fulogi tukuna, ka yi ta ba ta kik kaɗan-kaɗan har fitilar mai ta dashbod ta mutu. Wannan ya nuna mai ya zagaya. Mayar da fulogi ka tayar. Za ta yi hayaƙi na ɗan lokaci saboda man da ka zuba. In ta ɗumama, a auna ƙarfin matsin kowace silinda. Abin nema shi ne huɗun su zo kusa da juna. In ɗaya ta faɗi ƙasa sosai, zuba mata cokalin mai a sake aunawa. In awon ya tashi, ringi ne; in bai tashi ba, bawul ne ko gaskit. Wannan gwaji na minti kaɗan shi zai gaya maka ko sauke injin ya zama dole, ba bakin wani ba.

In har za a buɗe tof, wato murfin saman injin da bawul suke ciki, ga abin da ya kamata ka tsaya a kansa da kanka. Silindojin wannan injin hannayen ƙarfe ne da ake zurawa a cikin bulok, ruwa na zagaye su, da abin toshe ruwa a gindinsu. Kyawunsa shi ne ana canza su da fistin a mai da injin sabo ba tare da an kai shi an rarake ba. Haɗarinsa kuwa, in an cire tof aka juya injin ba a danne hannayen ba, sai su ɗaga, toshiyar gindin ta lalace, ruwa ya riƙa gangarawa cikin baƙin mai. Saboda haka tof ɗin ana zame shi gefe ne a hankali, ba a ɓamɓare shi sama ba, kuma da an cire shi a ɗaure hannayen da noti da washa mai faɗi. Yaron gareji da ya saba da motocin Japan ba lallai ya san wannan ba.

Zafi, wanda shi ne ainihin aikin

Daga Maris zuwa Mayu zafin garin nan yakan haura digiri 40, kuma motar da ba ta iya tsayawa a cunkoson bakin Babbar Kasuwa da azahar a watan Afrilu ba ta gyaru ba, komai kyawunta. A nan za ka zauna ka kashe kuɗi.

Sauke lagireto ka kai wa masu gyaransa su buɗe kansa su zura kowane bututu. Wanke shi daga waje da tiyo ba ya yin komai, domin toshewar a ciki take. Ruwan rijiya da na burtsatse a yawancin unguwanninmu yana barin farin dutse, irin wanda kake gani a gindin butar mai shayi, kuma shekara talatin ana zuba wa motar nan shi. In bututun sun ruɓe, a sa sabon ciki, in da hali mai layi uku. Bulok ɗin ma a wanke shi har ruwan ya fito fari. Canza famfon ruwa, da fambel, da duk tiyon ruwa har da ƙananan da ke ɓoye, da murfin lagireto. Murfin nan mutane ke rainawa, alhali shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa da wuri.

Za a ce maka a cire tamostat, wato ɗan abin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in injin ya yi zafi, a yar, wai ƙasar Turawa aka yi wa. Ni ban yarda ba. Ba shi ke kawo zafi ba sai in ya maƙale, kuma da asubahin hunturu injin da ba shi da tamostat yakan daɗe bai ɗumama ba, ya sha mai, ya ci jikinsa. Jefa shi cikin ruwan zafi a tukunya ka gani: in ya buɗe, lafiya; in ya ƙi, sayi sabo.

Fankar 504 ta asali tana da wata dabara: ba kullum take kamawa ba, sai zafi ya kai wani mataki wani ɗan makunni ya tura wuta, maganaɗisu ya kama ta. A tsohuwar mota sau da yawa wannan ya mutu, fankar na juyawa a ido amma ba ta jan iska. Da yawa an riga an ɗaure ta tana juyawa dindindin, kuma a Sakkwato wannan ba laifi ba ne. Abin da na fi so shi ne a bar ta a ɗaure, a ƙara fankar lantarki a gaban lagireto da rile (ɗan makunnin da wuta ke kunnawa) da fis nata, tana tashi da kanta in zafi ya hau. A ƙarshe a cika da ruwan kulan, wato ruwan sanyaya injin, na gaske gauraye da tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, wanda ba asid a cikinsa. Tof ɗin injin alminiyom ne, ruwa zalla yana cinye shi ta ciki. Kuma ka tabbata agogon zafi na aiki kafin ka fita ko ƙofar gida.

Ƙura ita ce abokiyar zafi. Wasu motocin suna da filtar iska mai kwanon mai a ƙasa, wadda aka yi musamman don ƙasashe masu ƙura. In taka tana da ita, kada ka musanya ta da ta zamani don ado. Wanke ta, zuba mai daidai layin, ka riƙa dubawa a kai a kai lokacin hunturu. In ta takarda ce, ajiye ta canji.

Birki da ƙafa

Nan babu ciniki. Duk wata roba da ke cikin birki ta tsufa: ta babban famfo, ta tayoyi, da tiyoyin roba masu zuwa ƙafa, waɗanda kan kumbura ta ciki su riƙe birki ko su fashe. A canza duka. Ƙurar tsohon birki kada a busa ta da baki ko da iska, a jiƙa ta a goge, tana da illa ga huhu. Zuba sabon man birki DOT 4 daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba, a fitar da iska ana farawa daga tayar da ta fi nisa da direba, wato ta baya hannun dama. Man birki yana shan danshi, sai a riƙa canza shi duk shekara biyu.

Bushin, boljoyin, tayarod da shokazoba, a ɗaga motar a girgiza kowace taya a gani. Daɗin 504 duk a ƙafarta yake, wannan laushin da take haɗiye gargada da shi, kuma bushin na bogi zai ɓata shi cikin wata uku. Araha ba ta ado. A canza man giya da na aksul.

Taya kuwa a duba shekararta, ba zanenta kawai ba. A gefenta akwai lamba huɗu: 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Tayar da ta tsufa, ko ba a taɓa taka ta ba, kwaltar Illela da rana za ta fasa ta.

Wayarin

Ɓera da rana da masu ƙulle-ƙullen shekaru sun riga sun yi nasu. Bi wayoyin da hannu. Duk wadda ta bushe tana karyewa a canza ta, duk inda aka murɗa waya biyu aka naɗe da leda a yanke a haɗa da dalma. Inda aka sa zaren waya ko takardar sigari a madadin fis, a mayar da fis. Kankare duk inda wayar as, wato mai mayar da wuta ta jikin mota, ta kama bodi har ƙarfe ya yi fari. Rabin fitilun da ake cewa sun mutu wannan ne ciwonsu. Batir mai lafiya yana nuna wajen 12.6 in mota na kashe, in tana aiki kuwa 13.8 zuwa 14.4. In bai kai ba, altaneta ce.

Ƙarin zamani da ya dace

Ƙa'idata ita ce, a ƙara abin da ba ya sauya kamannin motar, wanda kuma za a iya cirewa a mayar da na asali. Na farko, a maye kwantak da ɗan na'urar lantarki da ke zama cikin distiributa. Tashin safe zai yi sauƙi, ka huta da saiti. Duba sunan kamfanin da ke jikin distiributar kafin ka saya, don ba iri ɗaya ba ne, kuma ka bar tsohon kwantak da kwandansa a cikin mota saboda ranar tsiya. Na biyu, a sa wa fitilun gaba rile, wuta ta riƙa zuwa kai tsaye daga batir. Hasken zai ƙaru ba tare da an sa ƙwan nan masu makantar da na gaba ba. Sai bel na kujeru masu kyau, gaba da baya.

Mai yawan tafiya Kebbi ko Gusau zai ji daɗin giya biyar ta 505, tana rage kukan injin da shan mai a doguwar hanya, sai dai ta fi ta asali tsawo, dole a daidaita furofela, aikin wanda ya taɓa yi ne. Na'urar sanyaya mota kuwa kada a taɓa ta sai an gama da lagireto an gwada shi a bazara. Tsohuwar tana aiki da gas R12 wanda aka daina; in za a koma R134a sai an wanke bututu an canza mai da robobi, ba ɗura sabo a kan tsoho ba.

Abu biyu nake hana mutane. Ɗaya, saurin cire injin Fijo a dasa na wata mota. Za ta yi gudu, amma ta tashi daga 504, darajarta ta faɗi wurin masu sha'awa, ga kuma gyaran takardu. Biyu, manyan rim na zamani. Ramukan ƙafar 504 huɗu ne masu tazarar milimita 140, ba su dace da na yawancin motoci ba, sai an yi fashe-fashe, kuma siririyar taya tana kashe laushin da aka san motar da shi. Rim ɗinta na inci 14 da murfinsa na asali ya fi komai kyau a jikinta.

Sai yanzu fenti

Ka tuƙa ta a mummunarta na ɗan lokaci tukuna, duk wani yoyo da gyaran da zai sa a jingina da bodi ya ƙare. Sannan a cire bamba, fitilu, hannayen ƙofa da gilasai. Fentin da aka yi an lilliƙe su da takarda daga nesa ake gane shi. Inda tsatsa ta huda a yanke a sa sabon ƙarfe. Fanalbita ya buga lotsawa ta fito iyakar iyawa, fila ta zama shafe ce kawai, domin mai kauri tana tsagewa a zafinmu. A sa furaima, a goge da samfefa, a shafa hannu a ji, a sake.

Lokaci yana da muhimmanci. Hunturu ƙura za ta zauna a kan ɗanyen fenti, tsakiyar damina danshi zai dusashe shi, tsananin bazara kuma fenti na bushewa tun bai kwanta ba. In ba ɗakin feshi rufaffe za a samu ba, ƙarshen damina kafin iskar hunturu ta taso ya fi, da sassafe, a yayyafa ruwa a daɓe. Mai feshin ya sa abin rufe hanci na gaske mai filta, ba tsumma ba, fentin zamani mai hadina, wato sinadarin da ke ƙarfafa shi, guba ne. Launin asali yana nan a ɓoye cikin but ko ƙarƙashin tabarma inda rana ba ta kai ba. Shi za a kai wa mai haɗa fenti. Fari da ruwan madara da sauran masu haske sun fi jure rana. In ka canza launi, a gyara a takardu.

Robobin ƙofa da na gilashi a sa sababbi, su ne maganin ƙura da ruwa. Kujeru kuwa ledar roba tana ƙona baya da rana, yadi mai kauri ya fi. Ga dukawanmu na Sakkwato a kusa: fatar jan akuya da aka jeme da kyau tana yin kyau a sitiyari da kan giya da aljihun ƙofa, in an ba baduku awo ya ɗinka da hannu. Dashbod da ya tsage a rufe shi da abu marar ƙyalli, don kada ya riƙa haska gilashi.

Fita titi

A sabunta lasin, a yi inshora, a kai wa VIO su duba. Fitar farko a cikin unguwa, ana taka birki ana kallon agogon zafi. Sai bayifas, sai Kwannawa ko Wamakko, kana dawowa ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana, da safe ka ga abin da ya ɗiga da inda ya ɗiga. In an yi wa injin sababbin fistin da ringi, kilomita 1,000 na farko a bi shi a hankali, ba gudu ba lodi, sannan a juye mai, a sake ɗaure notin tof, a sake saita bawul. A but a ajiye fambel, galan na ruwa, fis, fulogi biyu da sifanu.

In ba kullum za ka riƙa hawanta ba, fitar da ita ko sau ɗaya a mako ta yi tafiyar da za ta ɗumama sosai, ba a tayar da ita a tsaye minti biyar a kashe ba. Ajiye ta a inuwa, in za a rufe a rufe da yadi, don tamfol na roba yana dafa fenti. Kuma a raba ta da ɗakin da ake ajiye hatsi, ɓeran da ya zo don gero wayarin zai koma ci.